Abin da Na Yi wa Babur ɗin Babanku

Gada Biyu, Jos
Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, da ƙafafunka biyu da hannuwanka biyu kamar yadda ka bar gidan nan ranar Asabar. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da sharrin ƙarfe. Babanku Malam yana gaishe ka. Ni ma ina gaishe ka, amma ka sani cike nake da haushinka.

Ka kama hanyar Shendam wurin aikinka na malamin dabbobi, ka bar mini gida kamar rumfar makanikai. Fantekata mai fure ta koma baƙa ƙirin, na goge da toka har hannuna ya yi kanta, baƙin mai ya ce ba inda za shi. Cokulana biyu ka lanƙwasa wajen ɓare taya. Tsohon zanina da na ce zan yi wa jikata goyo da shi, ashe tuni ka yayyaga ka goge inji. Kajina har yau da baƙaƙen ƙafafu suke yawo. Shekara ɗaya da rabi kana tayar da tsohon babur ɗin babanku a tsakar gidana, ban taɓa shanya wanki ya bushe ba tare da warin fetur ba. Kuma da za ka tafi, na ce ka sake duba birki, sai ka yi dariya ka ce, "Inna, ke da ba ki taɓa riƙe sifana ba?"

To, madalla. Da hannuna nake wannan rubutu, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, don ba na son mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ya ji abin da zan faɗa. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri ka bi shi. Na riga ka sanin babur ɗin nan, Auta. Kafin a haife ka ya shigo gidan nan. Kuma kusan duk ɓarnar da aka taɓa yi masa, ni na yi ta.

Malam ya same shi ne a hannun wani Bature na kamfanin kuza da zai koma ƙasarsu, lokacin Malam yana gyaran injuna a kamfanin. A duk layinmu ba mai babur sai shi. Wata Lahadi ya dawo daga Bukuru, babur ya yi kaca-kaca da jar laka, ya jingine shi a tsakar gida ya fita gaisuwar rasuwa. Ni kuwa ina son in burge. Na ɗebo ruwa bokiti uku, na kawo soso da sabulu, na shiga yi masa wanka kamar jariri. Injin da sauran zafinsa, ina zuba ruwa yana tururi, ni ina jin daɗi wai datti ne ke fita. Na ga wani baki a gefe kamar bakin kwalba, na ce ai nan ma laka ta shiga, na ɗura masa ruwa moɗa biyu.

Washegari Malam ya fito zai tafi aiki. Ya buga, shiru. Ya buga, shiru. Ya yi ta bugu har gumi ya jiƙa masa riga cikin sanyin nan na Jos. Ya durƙusa ya kwance wani abu, sai ga ruwa yana tsiyaya.

Ya ɗago ya ce, "Hajo, wa ya ba shi ruwa ya sha?"

Na ce, "Wanka na yi masa."

Ya kalle ni ya ce, "To, sannu da aiki. Gobe sai ki sa masa lalle."

A ƙafa ya tafi aiki ranar, aka rubuta masa makara, ya kuma kwana biyu yana shanya kayan cikin babur a kan tabarma kamar mai shanya kuɓewa. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, alherin da ba sani a cikinsa ɓarna ce. Kai ma halinka ke nan, hannunka ya fi kunnenka sauri. Don ka yi wata tara a Vom ana nuna maka yadda ake yi wa saniya allura, kada ka je rugar mutane kana gyara wa dattijo zama a kan dabbar da ya sani tun tana maraƙa. Ka tambaya tukuna. Shi kuma babur, tsumma da kananzir ake bi da injinsa, bayan ya huce. In ka zo rafi cikin daminar nan, ka sauka ka auna zurfinsa da sanda. In ruwa zai kai bakin nan da na ɗura wa moɗa biyu, ka juya, ko ka nemi mutane ku ɗaga shi. Na riga na gwada maka, ba ya sha.

Ta biyu ta fi wannan ciwo. Baturen nan ya haɗa wa Malam da wani akwatin katako cike da ƙarafa, wasu a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Akwatin ya zauna ƙarƙashin gadona shekara uku, yana tara gizo-gizo, ina tuntuɓe da shi duk sa'ad da zan yi shara. Ran nan mai sayen tsohon ƙarfe ya zo wucewa da sababbin kwanoni a ka, yana musanya. Ban yi shawara da kowa ba. Na jawo akwatin na ba shi, ya ba ni fanteka biyu. Har ina ganin na yi wayo. Mai furen nan da ka baƙanta mini ɗaya ce daga cikinsu, saboda haka ban san ma wa zan kai ƙara ba.

Sai bayan wata biyu Malam ya leƙa ƙarƙashin gado. Da na gaya masa, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin gadon ya ce, "Hajo, ran babur ɗin nan na shekara ashirin ne a cikin akwatin nan. Ba a kawo irinsu kuma." Ya bi kasuwa har wajen maƙera, aka ce an riga an narke wasu, an yi fartanya da wasu.

Duk wahalar da ka sha bara, kana zuwa Kaduna da Kano neman fistan da haƙoran giya, masu shago suna maka dariya suna cewa ka jefar da gawa ka sayi ɗan Japan, ni na jawo maka ita tun kana rarrafe. Kana dawowa hannu wofi kana zagin 'yan kasuwa, ni ina tuƙa tuwo ina jin kunya. Saboda haka ka ji ni da kyau: abin da ba ka san amfaninsa ba, ba shi ne marar amfani ba. Ko noti ɗaya kada ka yar. Ka nemi gwangwanayen madara ka riƙa zuba abin da ka kwance, kowanne da wurinsa. Ban ga alamar ka iya wannan ba. Bayan tafiyarka na share tsakar gida na tsinci noti biyu da wani ɗan zobe a wajen akurkin kaji. Na kai wa Malam da sauri. Ya jujjuya su ya ce tsofaffi ne da ka canza. To in da ba tsofaffi ba ne fa? Ya ce in gaya maka, babur ɗin Ingila da girgiza yake kwance kansa da kansa, don haka duk Juma'a kafin masallaci ka bi kowane noti da sifana, ka duba baƙin mai, ka shafa wa sarƙa mai, kada ta yi sako-sako kuma kada ka ɗaure ta tamau.

Yanzu ga wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba cikin 'ya'yana. Kun san babanku ya karye a gangaren gada, kun san ɗingishinsa, kun san daga nan aikin kamfani ya ƙare. An gaya muku tsautsayi ne. Tsautsayi ne, amma da bakina na kira shi.

Ranar sunan ɗan ƙanwata Talatu ne a Bukuru. Kana da shekara goma sha ɗaya. Tun da safe na ci ado, na ɗaura sabon ɗankwali, na riga na gaya wa dangi a bayan babur zan zo. Malam ya fito ya matsa birkin hannu, ya sunkuya ya duba wayar, ya ce, "Hajo, wayar nan ta fara tsintsinkewa, silli uku suka rage. Ki hau mota, ni in na samo sabuwa zan biyo ki da rana."

Na ce ban san wannan ba. Na ce kullum haka yake, babur ya fi matarsa daraja. Na ce mijin Talatu ko keke ba shi da shi amma bai taɓa barin ta ta shiga motar haya da kaya a ka ba. Ba abin da ban faɗa ba. Ka san bakina, shi ka gada.

Ya ce, "Ruwa ma yana haɗowa."

Na ce, "In ba ka so ka kai ni, ka ce ba ka so."

Ya ɗauko filaya ya murɗe wayar, ya ce in hau. Lokacin ana bin hannun hagu. Muna fita aka fara yayyafi. Mun zo gangaren nan da ke sauka gada ta farko, sai wata motar itace da ke gabanmu ta tsaya cak. Na ji wani ɗan ƙara, tas, kamar an tsinke zare. Ya taka birkin ƙafa, tayar baya ta zame a kan jiƙaƙƙen kwalta. Abin da na sani, ya karkatar da babur ɗin ta yadda ni zan faɗa cikin ciyawa, shi kuma ya tafi da shi ƙarƙashin motar. Ni na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Shi wata huɗu ya yi a kwance.

Har yau bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ya faɗa sau ɗaya da na huta.

Isuhu, in ka manta da duk abin da ke cikin takardar nan, kada ka manta da wannan. Ranar da ka duba babur ka ga bai cancanci hanya ba, to ba ya hanya. Ogan ofishinku zai ce maza ka je, ana jira. Mai shanu zai zo yana roƙo, saniyarsa tana kwance. Wata rana yarinya ce za ta ce in kana son ta ka kai ta, kuma da irin muryar da na yi za ta yi maka. Ka ce a'a. Ka hau mota, ka ari keke, ka taka da ƙafa. A kira ka matsoraci. Babanku ya fi kowa sanin ƙarfe a unguwar nan, idonsa ya gaya masa gaskiya, kunyar mace ta sa ya ƙi ji. Kuma hanyarka ba gangaren gada ba ce, na ji direbobi suna ba da labarin saukar dutsen nan bayan Pankshin. Ka riƙa yawo da wayar birki sabuwa a jaka, da ta kuloci. Ba roƙonka nake ba.

Bayan an sallamo shi, aka kawo babur ɗin a kan amalanke, a lanƙwashe. Na sa aka tura shi ɗakin ajiya, na rufe da tsofaffin buhuna, na ɗora tukwane a kai. Na kafa doka ba mai ambatonsa a gidan nan. Maƙwabcinmu Bitrus mai walda ya zo har sau biyu yana cewa, "Mama, a ba ni shi in miƙe ƙarfen, ko Baba ba zai hau ba ya riƙa jin ƙararsa." Na kore shi. A ganina ina kare Malam ne daga tunawa. Shekara tara yana zaune a zaure yana gyara wa mutane fitila da kwaɗo, da rediyo a kunne, maganarsa ba ta wuce biyar a yini. Na ɗauka ƙafar ce ta cinye shi.

Sai da ka dawo hutun makaranta ka yaye buhunan nan ba da izinina ba na gane kuskurena. Na fito zan yi maka faɗa, sai na ga Malam ya jawo kujera ya zauna kusa da kai. Tanki ya yi tsatsa, ɓeraye sun cinye sirdi, tayoyi sun farfashe kamar faso. Ya miƙa hannu ya shafa injin, ya ce, "Kada ka buga shi. Cire fulogi ka zuba masa kananzir da mai, ka bar shi kwana bakwai ya jiƙa." Ranar ya yi magana fiye da ta shekara guda. Daga nan kullum kuna tare, shi yana nuni da sandarsa, kai kana gardama, Bitrus yana leƙowa ta katanga yana ba da tasa shawarar da ba a tambaye shi ba. Tuwonsa ya ƙaru. Har waƙa na ji yana yi a banɗaki. Shekara tara na hana mutum maganinsa, ina cewa jinya nake. Abin da aka rufe da buhu ba ya warkewa, tsatsa yake yi. In wani abu ya lalace tsakaninka da mutum, ko a wurin aiki, ka buɗe shi tun da wuri ka duba. Shi ma babur kada ka ajiye shi ya daɗe. Ko ba ka da tafiya, ka tayar da shi ya yi ɗumi.

Da na tsaya a nan, da ka ce Inna ta yi hankali da tsufa. Ban yi ba.

Ka tuna watan da takardar aikinka ta fito, aka ce Shendam, kuma da abin hawanka za ka zo don shiga ƙauyuka? Ka kwance kafireta, wato wannan mai haɗa fetur da iska, ka jera kayanta a kan farantina, ka shiga wanka. Da ka fito ka nemi 'yar siririyar allurar nan ta ciki ka rasa. Ka kwana uku kana tankaɗe ƙasar tsakar gida da rariyata. Ka zargi kaji, har ka ce a yanka zakara a duba cikinsa. Ka zargi 'ya'yan Bitrus, uwarsu ta yi fushi mako biyu ba ta gaishe ni.

Ni na ɗauke ta. Na wuce da tsintsiya, na ga ita ce mafi ƙanƙanta, na kuma ji Malam ya taɓa cewa in babu ita inji ba ya tafiya. Na jefa ta cikin tandun kwallina. Lissafina shi ne, in babur bai tashi ba za su ba ka aiki a nan Jos, ka riƙa tafiya ofis a ƙafa ka dawo ka ci tuwo. Ban san taurin kanka ya kai haka ba. Ka je ka samo ta wani babur daban, ka goge ta da samfefa, ka cusa, ya tashi. Shi ya sa yake baƙin hayaƙi. Shi ya sa yake shan fetur kamar rami, fulogi yana yin baƙi duk kwana biyu, yana tari in ya kama hawa. Kana ta canza fulogi kana tsaki, ni ina jin ka, na kasa buɗe baki. Kullum sai in ce gobe zan mayar, gobe kuma kunya ta hana.

Ranar Asabar na tsaya a ƙofar gida ina jin ka har ka haye gada. A hawan nan na ji ya sarƙe sau biyu kafin ya kama. Tun daga lokacin abinci ba ya wuce mini. Ina ta ganin ka a tsakiyar dutse, inji ya mutu, babbar mota a bayanka. Wato na sake yin abin da na yi wa babanku, wancan karon da baki, wannan karon da hannu.

Yau da safe na ɗauko tandun na zazzage a gaban Malam. Allurar ta faɗo baƙa wuluk da kwalli. Na tsaya ina jiran abin da zai ce. Ya ɗauka ya goge da bakin rigarsa, ya ɗaga ta ya duba ko ta lanƙwashe, ya ce, "Lafiyarta ƙalau."

Na ce, "Malam, ba za ka ce komai ba?"

Ya ce, "Ai na gan ki ranar da kika ɗauka. Ina zaure."

Na ce, "Ka gani ka yi shiru? Yaro yana tankaɗe ƙasa kwana uku?"

Ya ce, "Da ta birki ce da na tona ki a take." Ya naɗe ta cikin takarda mai maiƙo, ya ɗaure da zare, ya daɗe yana ƙulla zaren nan. Can ya ce, "Ni ma ban so ya tafi ba, Hajo."

Ga ta nan a cikin ambulan, ka buɗe a hankali a kan faranti, ba a kan ƙasa ba. Direban motar doya da zai kawo maka ya ce jibi zai iso. Kada ka hau dutse ko ɗaya kafin ka sa ta. Malam ya ce iskar can ƙasa ta fi ta Jos nauyi, inji zai nemi ƙarin fetur kaɗan, don haka ka sa ɗan maƙalinta a tsaga ta uku daga sama, ka yi tafiyar mil biyar, ka cire fulogi ka duba. In ya yi kalar ƙasa-ƙasa, ya yi daidai. Ka rubuto masa abin da ka gani, shi ba ni ba, don yana jira. Ni kuma gobe zan shiga wajen matar Bitrus in wanke 'ya'yanta daga zargi, duk da ban san da wace fuska zan fara ba.

In za ka yi fushi da ni ka yi, kana da gaskiya. Amma ka yi shi a ƙasa, ba a kan babur ba.

Allah Ya kiyaye hawanka da saukarka. Ya tsare ka daga santsin hanya, da direba mai barci, da gaggawar wasu da taka. Ya sa mutanen da za ka zauna cikinsu su riƙe ka da alheri, Ya ba ka haƙurin babanku, Ya rage maka bakin uwarka. Ya dawo mana da kai lafiya, ko a kan babur ko a ƙafa. Amin.

Ka sa hular kwano, ko ana zafi.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajara